Sun Duba Gwiwarsa Da Zuciyarsa, Wa Ya Duba Abin Da Hannunsa Ya Yi A Gida?

Duk mai bin labarin ƙwallo ya san cewa ciniki ba ya faɗawa sai likita ya sa hannu. Kulob zai daidaita da ɗan wasa kan albashi, a gama magana da wakilinsa, a tanadi riga da lamba, amma sai an kwantar da shi an ɗauki hoton gwiwa da idon sawu, an auna bugun zuciya yana hutawa da kuma yana gudu, an ɗebi jini, an karanta tarihin duk wani rauni da ya taɓa ji. A irin wannan gwaji ne likitocin Inter Milan suka gano matsala a zuciyar Nwankwo Kanu a 1996, jim kaɗan bayan ya dawo da zinare daga Atlanta, aka kai shi Amurka aka yi masa aiki. Ba don wannan binciken ba, Allah kaɗai ya san yadda labarinsa zai ƙare.

To amma akwai wani tarihin da ba ya cikin takardar likitan kulob. Idan ɗan wasan ya taɓa dukan matarsa ko budurwarsa, ko an taɓa kama shi kan haka, maganar takan koma hannun lauyoyi da masu kula da sunan kulob a idon duniya. Su kuma tambayarsu ɗaya ce: surutun zai yi yawa ne ko zai lafa? A ganinmu a nan ne aka fara kuskure. Dukan mace a gida matsalar lafiya ce da ake iya auna haɗarinta, tana da alamomin da ke nuna cewa za ta iya kai wa ga kisa, kuma akwai masanan da wannan ne aikinsu. Kulob da ke kashe miliyoyi wajen duba guringuntsin gwiwa ba shi da hujjar yin cinikin ido rufe a wannan fanni.

Labarin Greenwood

Misalin da ya fi kusa da masu kallon gasar Firimiya shi ne na Mason Greenwood. A ƙarshen Janairun 2022, yana ɗan shekara 20 kuma ana yi masa kallon babban tauraron Manchester United na gobe, wasu hotuna da sautin murya suka bazu a intanet, 'yan sanda suka kama shi, kulob ya dakatar da shi. A Oktoba na wannan shekarar aka tuhume shi da yunƙurin fyaɗe, da duka har da jin rauni, da kuma mallake mace ta hanyar takura da tsoratarwa. Wannan laifi na uku yana cikin dokar Ingila tun 2015, kuma za mu dawo kansa. A Fabrairun 2023 masu gabatar da ƙara suka janye dukkan tuhumar, suka ce muhimman shaidu sun janye kuma wasu sabbin bayanai sun fito, don haka babu alamar za a iya samun hukunci a kotu. Greenwood ya musanta zargin, kuma babu kotun da ta same shi da laifi.

Daga nan United ta shafe kusan wata shida tana nata binciken na cikin gida. Da labari ya fita cewa ana shirin maido shi, wasu magoya baya mata suka yi zanga-zanga a Old Trafford, ƙungiyoyin kare mata suka yi ca. Ranar 21 ga Agusta 2023 kulob ya sanar cewa bincikensa ya nuna ɗan wasan bai aikata laifukan da aka tuhume shi da su ba, amma ya yi kurakurai da shi kansa ya amsa, kuma zai ci gaba da wasa a wani wuri. Aka ba Getafe ta Sifaniya aronsa. A Yulin 2024 Marseille ta saye shi kan kuɗin da aka ruwaito sun kai wajen yuro miliyan 30, duk da cewa magajin garin Marseille, Benoît Payan, ya fito fili ya ce bai yarda ba. A kakarsa ta farko a Faransa ya zura ƙwallo 21 a gasar, daidai da Ousmane Dembélé, babu wanda ya fi su. Surutun kuwa ya ragu sosai.

Abin da ya fi ɗaure kai a wannan labari shi ne wanda ya yi binciken. Kulob ɗin da ke da ɗan wasa mai darajar miliyoyi a hannunsa, wanda zai yi asara idan darajar ta faɗi, shi ne ya zauna ya yanke ko ɗan wasan ya yi laifi ko bai yi ba. Gary Neville, tsohon kyaftin ɗin kulob ɗin, yana cikin waɗanda suka ce kamata ya yi a miƙa irin wannan bincike ga wasu na waje masu zaman kansu. A aikin likita wannan tsohuwar ƙa'ida ce. Ba a barin wanda ke da riba a sakamakon gwaji ya zama shi ne mai karanta sakamakon.

Janye ƙara ba takardar sallama ba ce

A gidajen kallon ƙwallo, daga Kano zuwa Maraɗi, hujjar da aka fi ji ita ce: ai kotu ta sake shi, ita ma yarinyar ta janye, to me ya rage? Wannan magana tana da gefen gaskiya. Ba daidai ba ne a kira mutum mai laifi alhali ba a tabbatar ba, kuma an sha samun 'yan wasan da aka zarga daga baya zargin ya rushe. Amma duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa zama a ɗakin karɓar marasa lafiya na gaggawa ya san cewa janyewar mace ba ta nuna komai game da abin da ya faru. Mace za ta zo da daddare da kumburarren ido da tsagar leɓe, ta faɗi wanda ya yi mata, washegari ta dawo tare da shi ko da 'yar'uwarsa ta ce ƙofa ce ta buge ta. Dalilanta sanannu ne: tsoron abin da zai biyo baya, 'ya'ya, rashin abin hannu, matsin dangi, kunya, da kuma so, wanda ba ya mutuwa rana ɗaya don an yi duka. Idan mijin shahararre ne sai a ƙara da wani nauyin, domin dubban magoya baya za su bi ta a shafukan sada zumunta da zagi da barazana, suna cewa ita ce ke son kashe masa sana'a.

Wannan salo ya maimaita kansa a wasannin Amurka. Greg Hardy, ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, alƙali ya same shi da laifin dukan tsohuwar budurwarsa a 2014, ya ɗaukaka ƙara, matar ba ta bayyana a kotu ba, aka kori shari'ar a farkon 2015, bayan 'yan makonni Dallas Cowboys ta ɗauke shi. Roberto Osuna, mai jifa a wasan besbal, an kama shi a Toronto a 2018, hukumar gasar ta dakatar da shi wasa 75, Houston Astros ta saye shi tun dakatarwar ba ta ƙare ba, daga baya aka janye tuhumar domin matar ta koma Meziko ta ƙi zuwa ba da shaida. Kotun laifi tana neman hujjar da babu kokwanto a cikinta kafin ta ɗaure mutum, kuma haka ya kamata. Mai ɗaukar ma'aikaci kuwa tambayarsa daban ce: akwai haɗari ga wani idan na ba wannan mutum kuɗi da suna da kariya? Makaranta ba ta jiran hukuncin kotu kafin ta yi tunani sau biyu kan malamin da aka zarga da taɓa yara.

Abin da likita zai so ya sani

Da za a kawo mana irin wannan fayil, ba za mu tsaya kan ko an yi duka ko ba a yi ba kawai. Za mu tambayi irin dukan, da sau nawa, da abin da ke kewaye da shi. Cin zarafi a gida hawa-hawa ne, kuma bincike ya fitar da alamomin da ke rarrabe wanda zai iya ƙarewa da gawa.

Babbar alama ita ce shaƙe wuya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙe ta tana cikin haɗarin ya kashe ta ninki bakwai fiye da wadda ake duka amma ba a taɓa shaƙe ta ba. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san yadda wuya yake. Manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna gefen wuya ne, ba su da ƙashin da ya kare su, kuma matsa su na 'yan daƙiƙu ya isa mutum ya suma. Sau da yawa ba a ganin tabo ko kaɗan a fata, shi ya sa ɗan sanda ko ɗan jarida zai ce ai ba ta ji ciwo ba. Amma bangon jijiyar na iya tsagewa daga ciki, jini ya daskare, bayan kwanaki ko makonni mace mai ƙuruciya ta wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka ne Ingila ta mai da shaƙe wuya laifi mai zaman kansa, dokar ta fara aiki a 2022. Bari mu faɗa a nan tun da dama ta samu: duk wadda aka shaƙe, idan muryarta ta dashe, ko haɗiye yana yi mata wuya, ko numfashi ya canza, ko ta ga jan ɗigo-ɗigo a farin idonta, ko ta suma ko ta saki fitsari a lokacin, ta je asibiti a ranar, kuma ta gaya wa likita ainihin abin da ya faru, ko da ba za ta kai ƙara ba.

Sauran alamomin sun haɗa da barazanar kisa, mallakar bindiga ko zare makami, duka lokacin da mace ke da ciki, kishi mai tsanani, bibiyar wayarta da hana ta fita ko ganin danginta, da ƙwace mata kuɗi. Wannan takura ita ce dokar Ingila ta 2015 ta kira laifi ko da ba a ɗaga hannu ba, domin an lura cewa yawancin kisan da ake yi wa mata a gida ta nan yake farawa. Lokaci mafi haɗari kuma shi ne lokacin da mace ta yanke shawarar tafiya ko ta riga ta tafi. Farfesa Jacquelyn Campbell ta Jami'ar Johns Hopkins ta tattara irin waɗannan tambayoyi ta mai da su ma'aunin haɗari da asibitoci da 'yan sanda ke amfani da shi a ƙasashe da yawa. Kayan aikin suna nan, ba sai an ƙirƙiro sabo ba.

Kuma illar ba ta tsaya a tabo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kashi 27 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 15 zuwa 49 da suka taɓa zama da namiji sun fuskanci duka ko tilastawa a shimfiɗa daga gare shi, kuma har kashi 38 cikin 100 na kisan da ake yi wa mata a duniya abokan zamansu ne ke yi. Waɗanda suka tsira sun fi sauran mata fuskantar ɓari da haihuwar bakwaini, kuma ciwon damuwa ya kusa ninkawa a cikinsu. Yaran da suka taso suna kallo su ma suna ɗauke da nasu rabon, daga fitsarin kwance da faɗuwa a makaranta har zuwa maimaita abin a nasu gidajen.

Wasu kan kawo batun buguwar kai, musamman a wasannin da ake karo, su ce ƙwaƙwalwar ɗan wasan ce ta taɓu. Gaskiya ne cewa yawan buguwar kai na iya canza hali da rage iya danne fushi, kuma an ruwaito alamun irin wannan cuta a ƙwaƙwalwar Jovan Belcher na Kansas City Chiefs, wanda ya harbe uwar 'yarsa sannan ya kashe kansa a 2012. Wannan dalili ne na a duba ɗan wasa a yi masa magani. Ba ya zama uzuri, domin mafi yawan masu dukan mata ba su taɓa buga wasan karo ba, kuma mutumin da ke iya danne fushinsa a gaban koci da alƙalin wasa, sai ya shiga gida ya rufe ƙofa sannan ya kasa, ya nuna cewa yana zaɓar inda zai huce.

To a kore su har abada mana?

Wannan ita ce amsar da ta fi daɗin faɗa, kuma mun fahimci masu faɗarta. Amma tana da wata illa da ba a cika lura da ita ba, kuma masu aiki da matan da aka ci zarafi sun daɗe suna jan kunne a kanta. A binciken da Campbell da abokan aikinta suka yi a birane 11 na Amurka, wanda ya fito a 2003, rashin aikin yi na mijin ya ninka haɗarin kisan matar har kusan sau huɗu. A yi tunanin matar ɗan wasa da ta san cewa kiran 'yan sanda sau ɗaya zai kawo ƙarshen albashin da ita da 'ya'yanta da iyayensa da ƙannensa ke ci. Za ta kira? Idan kuma maƙwabta suka kira, aka kore shi, ya dawo gida ba aiki ba suna, yana ganin ita ce sanadi, wa ke cikin ɗakin tare da shi? Dokar kora nan take tana wanke sunan kulob, amma tana iya rufe bakin matan da aka ce ana karewa.

Akwai kuma batun cewa a aikace ba a taɓa yin korar bisa adalci ba. Ray Rice na Baltimore Ravens ya naushi budurwarsa a cikin lif na wani otal a Atlantic City a Fabrairun 2014 har ta suma. Hukumar gasar ta fara ba shi dakatarwar wasa biyu kacal. Da jama'a suka yi Allah wadai aka fito da sabuwar doka ta wasa shida. Sai a Satumba, da hoton bidiyon cikin lif ɗin ya fito, kulob ya soke kwantiraginsa a ranar. Abin da ya aikata bai canza ba tsakanin Fabrairu da Satumba, abin da ya canza shi ne duniya ta gani da idonta. Rice ya amsa laifinsa, ya shiga shirin gyaran hali, ya shafe shekaru yana yi wa matasan 'yan wasa magana kan abin da ya yi, amma bai sake buga wasa ko ɗaya ba. Wasansa dama ya riga ya ja baya a kakar da ta gabata. Hardy kuwa, wanda bai nuna nadama a fili ba, ya samu kulob domin har lokacin yana da ƙarfi. Ma'aunin da ake amfani da shi a zahiri biyu ne, ko akwai bidiyo, da kuma ko ƙafarka na ci.

Cinikin araha

Mafi muni a duk wannan shi ne kulob ɗin da ke jiran zargi ya karya farashi sannan ya saya. A Disambar 2015 Los Angeles Dodgers ta kusa kammala sayen Aroldis Chapman daga Cincinnati, sai rahoton 'yan sanda ya fito cewa budurwarsa ta zarge shi da shaƙe ta, kuma ya harba bindiga sau takwas a garejin gidansa. Ba a gurfanar da shi ba, amma Dodgers ta janye. New York Yankees ta shigo ta ɗauke shi da musayar wasu matasan 'yan wasa huɗu da ba su yi suna ba. Ya yi dakatarwar wasa 30, ya dawo, bayan 'yan watanni Yankees ta miƙa shi ga Chicago Cubs ta karɓi ɗaya daga cikin matasa mafi daraja a wasan, sannan a ƙarshen 2016 ta sake ɗaukarsa kan dala miliyan 86. A lissafin kasuwa wannan gwaninta ce. A lissafin lafiyar al'umma kuwa, tsoron da wata mata ta shiga a wannan dare shi ne ya zama ragin farashin da kulob ya ci riba da shi. A lura kuma da abubuwa biyun da ke cikin rahoton, shaƙewa da bindiga, waɗanda su ne kan gaba a ma'aunin haɗarin da muka ambata.

Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kulob da ya sayi ɗan wasa yana sane da tarihinsa ya ɗauki alhakin abin da zai biyo baya, kuma bai kamata a bar shi ya ɓuya bayan kalmar dama ta biyu ba. Dama ta biyu abu ne mai kyau, amma tana da sharuɗɗa, kuma ba mai cin ribar ne zai tsara su shi kaɗai ba.

Matsayinmu shi ne kada a sayi irin wannan ɗan wasa sai wasu masana na waje, waɗanda ba kulob ke juya su ba, sun auna haɗarin kamar yadda likitan zuciya ke yi, kuma a ba su ikon cewa a'a. A ji ta bakin matar ta hannun ƙwararrun da suka san aikin, ba ta hannun lauyan mijin ko a zaune kusa da shi a gaban 'yan jarida ba, kuma a tabbatar tana da wurin zama da kuɗin da ba su rataya a wuyansa ba. Inda aka samu shaƙewa, ko makami, ko maimaici, ko ɗan wasan ya ƙi amsa komai yana ɗora wa matar laifi, amsar ita ce a bar shi, komai iya ƙwallonsa. Inda aka yarda a ɗauke shi, a rubuta sharuɗɗan a kwantiragi, da dakatarwa ta gaske, da bibiya ta shekaru. Gasar besbal ta Amurka tana da tsari irin wannan tun Agustan 2015, wanda aka yi tare da ƙungiyar 'yan wasa, yana ba shugaban gasar ikon hukunci ko da kotu ba ta yanke ba, tare da kwamitin masana da ke tsara wa ɗan wasa magani. Tsarin yana da giɓi, kamar yadda labarin Chapman da Osuna ya nuna, amma ya fi abin da ake yi a ƙwallon Turai, inda kowane kulob ke yanke wa kansa, wanda aka kora a wannan ƙasa kuma ya tsallaka waccan.

Sai dai kada a ɗauka cewa tura mutum aji ya wadatar. Bitar bincike da dama kan shirye-shiryen gyaran halin masu dukan mata ta nuna cewa tasirinsu ƙarami ne, kuma da yawa ba sa kammalawa. Darasin danne fushi kaɗai ba ya magance mai takura, domin matsalarsa son iko ce. Zaunar da miji da mata a yi musu sulhu tare, alhali tana tsoronsa, masana ba sa ba da shawararsa, tun da duk abin da ta faɗa a ɗakin za ta biya kuɗinsa a gida. Takardar shaidar halartar aji ta mako shida ba ta kai matsayin hoton gwiwar da ya nuna ƙashi ya haɗe ba.

Me ya shafe mu?

Wani zai ce wannan rigimar Turawa ce da kuɗinsu. Amma wasan nasu a unguwanninmu ake kallonsa, kuma yaran da ke cika benci a gidan kallo suna jin yadda manya ke yanke hukunci. Idan suka ji ana cewa ai tunda yana cin ƙwallo a ƙyale shi, mace ce ta jawo, sun koyi darasin da babu malamin da zai goge shi cikin sauƙi. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci cin zarafi na duka, ko na shimfiɗa, ko na muzgunawa daga miji, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Tsohon kundin Penal Code na Arewa, a sashe na 55, ya ma bar wa miji ƙofar ladabtar da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, ko da yake dokar hana cin zarafi ta tarayya ta 2015, wadda jihohi da yawa suka karɓa, ta ɗauki dukan abokin zama a matsayin laifi.

Ita kanta ranar wasa tana da nata nauyin. Masu bincike a Jami'ar Lancaster sun duba rahotannin 'yan sandan yankin Lancashire a gasar cin kofin duniya ta 2002 da 2006 da 2010, suka ga ƙorafin cin zarafi a gida ya ƙaru da kashi 26 cikin 100 idan Ingila ta ci ko ta yi canjaras, da kashi 38 idan aka doke ta. A Amurka ma an ga ƙarin kusan kashi 10 a ranakun da kulob ɗin gari ya sha kashin da ba a zata ba. Ba ƙwallo ce ke dukan kowa ba, giya da caca da ɓacin rai ne ke haɗuwa da halin da dama yana nan. Amma wannan ya isa ya nuna cewa masu harkar wasa ba 'yan kallo ba ne a wannan matsala.

Abin da ke ba da ƙwarin gwiwa shi ne cewa bakin koci yana da tasiri. A wani gwaji da aka yi a makarantun sakandare na jihar Kalifoniya ƙarƙashin jagorancin Dokta Elizabeth Miller, an horar da masu koyar da wasa su riƙa ɗaukar 'yan mintuna a kowane mako suna tattaunawa da yaransu kan mutunta mata da tsawatar wa aboki idan ya wuce gona da iri. Bayan shekara guda, yaran da suka samu wannan horo sun fi waɗanda ba su samu ba ƙarancin cin zarafin 'yan matansu. Shirin bai buƙaci gini ko na'ura ba, kati ne da koci da kwata ɗin awa. Makarantun horar da ƙwallo da suka cika filayen Kano da Kaduna da Jos, waɗanda ke tara yara 'yan shekara 13 zuwa 17 kowace safiya, suna da kocin kuma suna da lokacin.